Bambancin sel mai difuloid da mai hafuloid: amsa ga ɗaliba daga Kumo

Wata ɗaliba 'yar SS 2 daga Kumo ta aiko da wannan tambaya: "Malama, an koya mana cewa sel mai difuloid yana da kuromozom 46, mai hafuloid kuma 23. Na haddace haka. Sai a jarrabawar ƙarshen zango aka tambaye mu, sel ɗin ganyen masara mai kuromozom 20 wane iri ne? Na ce hafuloid, tunda ko 23 bai kai ba. Aka ce ban ci ba. To mene ne ainihin bambancin, kuma ina amfanin saninsa?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da ba ki bar abin ya wuce haka nan ba. Ɗalibai da yawa a wannan ramin suke faɗawa, domin an ba su lamba biyu su haddace, ba a nuna musu abin da ake ƙirgawa ba. 46 da 23 lissafin ɗan'adam ne shi kaɗai. Masara tana da nata, saniya tana da nata. Abin da ake ƙirgawa idan ana maganar difuloid da hafuloid shi ne yawan saiti, kuma da zarar wannan ya zauna miki, sauran duk zai zo da sauƙi.

Jikinki an gina shi ne da ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ake kira sel. A tsakiyar kusan kowannensu akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai DNA, wato dogon zaren da ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki da yadda zai yi aiki. Zaren nan ba guda ɗaya ba ne, an rarraba shi an naɗe gida-gida, kowane naɗi shi ne kuromozom. Ki ɗauka littafi ne babba mai mujalladi 23. Mahaifinki ya ba ki saiti ɗaya cif, daga mujalladi na 1 har na 23, mahaifiyarki ma ta ba ki nata saitin. Kin tashi da 46 ke nan, amma kowane mujalladi biyu gare ki. Na 11 da ya zo daga wajen uba da na 11 da ya zo daga wajen uwa babi ɗaya suke ɗauke da shi, a jere ɗaya, sai dai a wasu layukan rubutun yakan ɗan sha bamban. Sel ɗin da ke riƙe da saitin nan biyu shi ne difuloid, ana rubuta shi 2n. Wanda ke riƙe da saiti ɗaya shi ne hafuloid, ana rubuta shi n.

Ki lura da kyau a nan, domin nan ne ko malamai sukan gajarta bayani su ce hafuloid "rabi" ne. Gaskiya ne 23 rabin 46 ne, amma ba kowace 23 aka tsinta daga cikin 46 take zama hafuloid ba. Dole a samu ɗaya daga kowane biyu, babu wanda ya ɓace, babu wanda ya maimaitu. Saiti ɗaya ne, amma cikakke ne.

Yanzu ki koma ga masararki. Saitin masara kuromozom 10 ne. Ganye, kara da saiwa duk suna ɗauke da saiti biyu, wato 20, don haka difuloid ne. Hafuloid ɗin masara shi ne mai 10, kuma a cikin ƙurar furen nan mai ruwan ɗorawa da ke zubowa daga saman karan ake samunsa, da kuma ƙwan da ke jira a gindin kowane silin gashin masara. Gero 14 ne da 7, dawa 20 da 10, wake 22 da 11, shinkafa 24 da 12. Saniya da akuya kowacce 60 ce da 30, tunkiya 54 da 27, raƙumi 74 da 37. Kaza tana da 78, ta fi mu nesa ba kusa ba, abin da ke nuna miki yawan kuromozom ba ya auna darajar halitta. Saboda haka lamba ita kaɗai ba ta isa a ba da amsa ba. Sai kin san wace halitta ce, kuma wane sashe nata aka ɗauko.

A jikin mutum rabon a fili yake. Fata, ƙashi, ƙwaƙwalwa, hanji, fararen ƙwayoyin jini, duk difuloid ne. Hafuloid iri biyu ne kacal, ƙwayar maniyyi da ƙwan mace. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba sa cikin ko ɗaya, domin sukan yar da cibiyarsu kafin su shiga magudanar jini, ba su da kuromozom ko guda.

Dalilin da ya sa dole a samu iri biyu lissafi ne mai sauƙi. Da uba zai ba da 46, uwa ta ba da 46, da ɗa ya tashi da 92, jika da 184, haka abin zai yi ta ninkuwa. Don haka jiki yana da hanya biyu ta raba sel. Ta farko ita ce maitosis, wadda ake girma da ita, ciwo kuma ya warke da ita: sel ya kwafi duk kuromozom ɗinsa, ya rabu biyu, kowane ɓangare ya tafi da 46 iri ɗaya sak. Ta biyu ita ce mayosis, a gaɓoɓin haihuwa kaɗai ake yin ta. A nan kwafi sau ɗaya ake yi, amma rabuwa sau biyu. A rabuwar farko kowane kuromozom na wajen uba yakan nemo takwaransa na wajen uwa, su jeru kafaɗa da kafaɗa, su yi musayar wasu gutsattsari, sannan a ja ɗaya gabas ɗaya yamma. A nan ne ake sauka daga saiti biyu zuwa ɗaya. Rabuwa ta biyu kwafin kawai take warewa. A wajen namiji sel ɗaya yakan ba da ƙwayar maniyyi huɗu. A wajen mace ƙwai ɗaya tak ake samu, shi ke kwashe kusan duk abincin, sauran ƙananan su lalace.

Wajen jan nan na gabas da yamma, kowane biyu da kansu suke yanke inda za su faɗa, babu ruwansu da inda maƙwabtansu suka nufa. Biyu sau biyu har sau 23 ya ba da 8,388,608. Yawan haɗin da mutum ɗaya zai iya fitarwa ke nan tun ba a sa musayar gutsattsarin a lissafi ba. Shi ya sa za ki ga 'ya'ya goma uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya ɗauko hancin kaka, wancan tsayin kawu, babu biyun da suka zo ɗaya sai tagwayen da suka fito daga ƙwai guda.

Masana sun daɗe kafin su kai ga wannan. A 1883 Edouard van Beneden na ƙasar Beljiyam ya gani a jikin tsutsar cikin doki cewa ƙwai da maniyyi kowanne rabin adadin yake kawowa. Sunayen nan biyu da kike tambaya a kansu wani masanin tsirrai na Jamus, Eduard Strasburger, ya raɗa su a 1905. Adadin namu ma fiye da shekara talatin littattafai suna cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a birnin Lund na ƙasar Suwidin suka samu 46.

Akwai tarko biyu da masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB suke son ɗanawa. Idan sel ya gama kwafi yana shirin rabuwa, DNA ɗinsa ya ninka, amma har yanzu 46 ake ƙirgawa, domin kowane kwafi yana manne da asalinsa a ƙugu, kuromozom ɗaya ne mai reshe biyu. Difuloid ne, bai canza ba. Na biyu, sel ɗin da ya fito daga rabuwar farko ta mayosis ya riga ya zama hafuloid, ko da yake kowane ɗaya daga cikin 23 ɗinsa yana da reshe biyu.

Kin tambayi amfanin sanin wannan. A wajena nan ne zuciyar maganar take, kuma zan fara da amosanin jini, tunda da wuya a samu unguwa a Gombe ko Bauchi da ba ta da yaro mai sikila. A sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, umarnin da ke gina ɓangaren da sikila ke shafa yana kan kuromozom na 11. Tunda difuloid muke, kwafi biyu gare mu, shi ya sa sakamakon gwajin jini yake fitowa da harafi biyu: AA, AS ko SS. Mai AS yana da lafiyayyen kwafi ɗaya da ke riƙe masa aikin, yana zaune lafiya, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita. To amma ƙwai ko maniyyin mai AS hafuloid ne, harafi ɗaya kawai zai ɗauka, ko A ko S, rabi da rabi. Idan AS ya auri AS, haɗuwa huɗu ce za ta iya faruwa: A da A, A da S, S da A, S da S. Daga nan aka samo "ɗaya cikin huɗu" ɗin da ma'aikatan lafiya ke faɗa.

Wannan lissafin ana yi masa mummunar fahimta, kuma tana jawo kuka. Na sha jin ana cewa ai 'ya'ya ukun farko lafiya za su zo, na huɗun ne abin tsoro, ko kuma tunda an riga an haifi mai sikila ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne ko kaɗan. Kowane ciki sabon ƙwai ne da sabuwar ƙwayar maniyyi, babu abin da suka sani game da cikin da ya gabata. Ana iya haifar SS uku a jere, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaron da ciwon ƙashi ya taso wa, yana murƙususu ana neman jinin da za a ƙara masa, ba zai ɗauki gwaji kafin aure da wasa ba. Ni shawarata a yi shi tun kafin magana ta yi nisa, tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, kuma a maimaita a wani ɗakin gwajin na daban.

Sai maganar mace da namiji. Biyu na ƙarshe a cikin 23 ɗin, a wajen mace XX ne, a wajen namiji XY. Idan aka raba, kowane ƙwan mace X yake ɗauka, ba shi da wani zaɓi. Maniyyi ne ya kasu biyu, rabi X rabi Y. Wanda ya riga isa shi ne sanadin jinsin jaririn. Allah ne mai ba da mace ga wanda ya so, namiji ga wanda ya so, amma ta fuskar sababi, daga wajen uba bambancin yake fitowa, shi ma kuma ba da zaɓinsa ba. Matar da dangin miji suka sa a gaba da gori don ta jera 'ya'ya mata biyar, zaluntarta ake yi, babu hannunta a ciki. Wannan rashin takwara na X a jikin namiji yana da wani sakamakon. Idan akwai matsala a X ɗinsa guda, babu na biyu da zai rufa masa asiri, shi ya sa rashin bambance launin ja da kore, da cutar rashin daskarewar jini, da ƙarancin sinadarin G6PD da ke sa wasu jarirai shawara, duk sun fi kama maza.

Rabon nan kuma ba kullum yake tafiya daidai ba. Wani lokaci biyun sukan ƙi rabuwa su tafi gefe ɗaya, sai ƙwai ya fito da 24 ko 22. Idan kuromozom na 21 ne ya zo uku, jaririn yana da 47, wannan ita ce lalurar Down, wadda aka gano sanadinta a Faransa a 1959. Ki kiyaye, 47 ba saiti uku ba ne, difuloid ne da ƙarin guda. Saiti uku a mutum 69 ne, kuma irin wannan cikin kusan kullum zubewa yake yi. 'Ya mace da ƙwayayenta ake haifarta, sun fara mayosis tun tana cikin mahaifiyarta suka tsaya a tsakiya, kowanne sai lokacin fitarsa yake ci gaba. Ƙwan da ya fita tana da shekara 40 ya yi jiran shekara 40 ke nan, shi ya sa irin wannan kuskuren yake ƙaruwa da shekaru, musamman bayan 35. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko daga kuskuren adadin kuromozom yake. Da mata sun san haka, da da yawa sun daina zargin kansu cewa daka ko ɗaukar ruwa ne ya jawo, da kuma an rage zargin kishiya da maƙwabciya.

A wajen dabbobi alfadari ya isa misali. Goɗiya tana da 64, ƙwanta 32. Jaki yana da 62, maniyyinsa 31. Ɗansu ya tashi da 63, ga ƙarfi ga juriya, domin maitosis kwafi kawai take yi, ba ta neman takwara. Amma idan aka zo mayosis, na doki da na jaki ba sa jeruwa daidai, ga kuma guda ɗaya da ya rasa abokin tsayi. Shi ya sa alfadari ba ya haihuwa, in ban da 'yan lokuta ƙalilan da aka samu macen ta haihu.

Kada kuma ki ɗauka hafuloid ƙwai da maniyyi ne kawai a duk duniya. A cikin amyar da masu zuma ke ratayawa a bishiya, sarauniya da ma'aikata mata ne masu 32, amma mazan daga ƙwan da maniyyi bai taɓa ba suke fitowa, jikinsu ya ginu a kan saiti ɗaya mai 16. Namijin ƙudan zuma ba shi da uba, amma yana da kaka namiji ta wajen uwa. Ƙwayar cutar maleriya ma haka take. Duk zaman da take yi a hantar mutum da jininsa hafuloid ce mai 14. Sai macen sauro ta zuƙe ta, a cikin cikin sauron ne mace da namijinta suke haɗuwa su zama difuloid na 'yan sa'o'i, nan da nan mayosis ta mayar da su saiti ɗaya. Halittar da ke da kwafi ɗaya, duk canjin da ya faru a umarninta nan take yake bayyana, babu na biyu da zai danne shi. Wannan yana cikin abin da ke sa wadda ta samu canjin jure magani ta tsira ta yaɗu. Haka kulorokwin ya daina aiki har Najeriya ta koma magungunan haɗi na ACT a 2005, kuma shi ya sa shan rabin magani a ajiye saura yake da haɗari ga kowa.

Tsirrai su ba su tsaya a biyu ba ma. Gyaɗa saiti huɗu ce, 40. Audugar da Gombe ta yi suna da ita a da, irin da aka fi nomawa, saiti huɗu ce, 52. Alkamar burodi saiti shida, 42. Ayabar da muke ci saiti uku ce, 33, uku kuwa ba ta rabuwa biyu daidai, shi ya sa ba ki ganin 'ya'ya a cikinta sai ɗigo-ɗigo baƙi. Kankana marar 'ya'ya da gangan masana suka yi mata haka. Ko ƙwayar masara guda, idan kika jiƙa ta kika tsaga, abu iri-iri ne a ciki. Ƙurar furen da ta sauka a kan silin gashi tana ɗauke da maniyyi biyu. Ɗaya ya haɗu da ƙwai ya ba da ɗan tsiron nan da ke maƙale a gindin ƙwayar, mai 20. Ɗayan ya haɗu da cibiya biyu na uwa ya ba da farin garin da ya cika ƙwayar, mai 30. Idan aka surfa masara aka fitar da dusa, yawancin abin da ya rage aka tuƙa tuwo da shi mai saiti uku ne.

Manoma ma suna cin karo da wannan lissafin ko ba su san sunansa ba. Irin masara na haɗi da kamfanoni ke sayarwa, saitinsa ɗaya daga wani tsarkakakken layi yake, ɗayan daga wani, shi ya sa gonar take tashi kai ɗaya. Idan manomi ya ɗebi iri daga abin da ya girbe, ko ya sayo hatsi a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya shuka, mayosis ta riga ta sake cakuɗa saitin nan biyu, sai gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Ba ha'incin mai sayar da iri ba ne idan ya ce a sabunta kowace damina. Masu binciken iri kuwa sun mayar da hafuloid kayan aiki: sukan samar da tsiron masara mai saiti ɗaya, su sa masa magani saitin ya ninka kansa, su samu tsarkakakken layi cikin shuka biyu maimakon shida zuwa takwas.

Idan makarantarku tana da madubin ƙara girma, ki roƙi malaminku ku ga abin da idonku. Ku ɗora albasa a bakin kofi mai ruwa, gindinta yana taɓa ruwan, bayan kwana uku ko huɗu fararen saiwoyi za su fito. A yanki ƙarshen saiwar kamar milimita 2, a jiƙa a ruwan asid mai rauni da ɗan ɗumi na 'yan mintuna don ya yi laushi, a ɗiga masa rinin asito-osin, a rufe da siririn gilashi, a danna da babban yatsa a miƙe ba tare da murzawa ba. Yawancin sel ɗin za ku gan su da cibiya dunƙule, amma nan da can za ku tarar da wanda kuromozom ɗinsa suka jeru a tsakiya, da wanda ake jan su gefe biyu. Albasa 16 gare ta, saiti biyu na 8, kuma nata manya ne, suna ganuwa sosai. Malamin ne zai riƙe asid ɗin, ku kuma ku yanka saiwa da yawa, domin ba kowacce ake dacewa da masu rabuwa a cikinta ba.